IDAN JIRGI YA SAUYA LOKACI, INA MAKOMAR MAI TAFIYA HUTU?

A kowace shekara, da zarar Sallah ta ƙarato ko kuwa watan Disamba ya kama, filayen jiragen sama na ƙasar nan sukan cika maƙil da jama'a. Ma'aikatan gwamnati waɗanda aiki ya kai su Legas ko Fatakwal suna haramar komawa gida su ga iyali, ɗaliban da ke karatu nesa da garuruwansu, har da na ƙasashen waje, su ma suna ɗokin su sa ƙafa a gida. Da yawa daga cikinsu sun sayi tikiti tun wata biyu ko uku da suka wuce, domin su tsere wa tsadar da takan biyo bayan cunkoso. Ana cikin shirin ɗaure kaya sai wani ɗan gajeren saƙo ya shigo waya, ana sanar da su cewa jirgin ƙarfe 7 na safe ya koma ƙarfe 6 na yamma, ko na ranar Alhamis ya koma Asabar, ko kuma an soke shi gaba ɗaya.

Ga kamfanin jirgi, wannan ɗan gyara ne kawai a cikin jadawali, amma ga mai tafiya asara ce wadda ba a mayar da ita. Babban ma'aikacin gwamnati kwana 30 ne hutunsa na shekara, kuma ranar komawarsa ofis a rubuce take cikin takardar izni. Ɗalibi kuwa yana da ranar rajista da ranar jarrabawa, ba kuwa wanda zai ɗage masa su domin jirginsa ya makara. Ranar Idi guda ɗaya ce, ranar ɗaurin aure ma haka. Wanda ya iso bayan an watse ya biya kuɗin tafiya, amma bai sami abin da ya fito nema ba.

Abin da galibin matafiya ba su sani ba shi ne, tikiti yarjejeniya ce tsakaninsu da kamfani, kuma idan kamfani ne ya sauya abin da aka yi alkawari, to doka ta bai wa fasinja zaɓi. Sai dai wannan zaɓi yakan kuɓuce wa mutum biyu: wanda bai ga sauyin da wuri ba, da wanda ya yi gaggawar amincewa da shi tun bai yi lissafi ba.

DALILAN SAUYI

Manyan kamfanonin jiragen sama sukan fara sayar da tikiti tun kusan wata 11 kafin ranar tafiya, watau tun kafin su kansu su tabbatar da jirgin da zai yi aikin da kuma lokacin da za a ba su na sauka da tashi. Bisa tsarin Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Duniya, watau IATA, shekarar sufuri kashi biyu ce. Zangon farko yana farawa ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris, na biyu kuwa ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba. A manyan filaye masu cunkoso irin na Heathrow a Landan, kowane kamfani sai an yanka masa lokacinsa a kowane zango. Saboda haka wanda ya sayi tikitin Disamba tun watan Yuni ya saya ne a kan jadawalin da ba a gama tsayar da shi ba.

A cikin gida kuwa akwai wasu dalilan. Kamfanonin ƙasar nan ba su da jirage da yawa, kuma jirgi ɗaya yakan yi sawu biyar ko shida a yini, alal misali daga Legas zuwa Abuja, daga nan Kano, ya komo Abuja, ya wuce Yola. Idan ya makara da awa guda tun da safe, makarar za ta yi ta taruwa har dare. Har ila yau akwai filaye da dama waɗanda ba a sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana saboda rashin fitilu da na'urori, don haka jirgin da lokacinsa ya zarce magariba sai dai a soke shi. Matuƙa ma doka ta ƙayyade musu awoyin aiki, in sun cika tilas su huta ko da fasinjoji suna zaune. Bugu da ƙari, kowane jirgi akwai lokacin da ake kai shi babban gyara, galibi a ƙasashen waje, ya shafe makonni. Idan bai dawo ran da aka zata ba, sai kamfani ya haɗe tashi biyu ya mayar ɗaya.

Kuɗi ma suna da hannu. A watan Mayu na 2022 ƙungiyar masu kamfanonin jiragen cikin gida ta yi barazanar dakatar da aiki, tana kukan cewa litar man jirgi ta tashi daga Naira 190 zuwa Naira 700, ko da yake daga baya ta janye. A cikin wannan shekara kuma kamfanin Emirates na Dubai ya dakatar da zuwa Nijeriya tun daga ƙarshen Oktoba, saboda ya kasa fitar da kuɗin tikitin da ya sayar a nan, bai kuwa dawo Legas ba sai ran 1 ga Oktoba, 2024. Duk wanda ya riƙe tikitinsa na hutun Disamba na 2022, tilas ya nemi wata hanya.

Sa'an nan ga hazo. Ƙurar da iskar hunturu take kwasowa daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, takan rufe sararin sama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, watau daidai lokacin hutun ƙarshen shekara. Kowane fili yana da iyakar nisan gani wadda idan aka gaza ta matuƙi ba shi da iznin sauka. A watan Fabrairu na 2020 hazo ya sa an karkatar da jiragen ƙasashen waje da dama daga Legas zuwa Akkara, babban birnin Gana, inda fasinjoji suka yi kwanaki suna jira.

Kada kuma a ɗauka cewa a nan kaɗai ake ganin haka. A makon Kirsimeti na 2022 kamfanin Southwest na Amurka ya soke tashi kusan 16,900 bayan wata guguwar ƙanƙara ta rikita masa tsarin rabon ma'aikata, abin da ya shafi fasinjoji fiye da miliyan 2. Shekara guda bayan haka Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta ci shi tarar Dala miliyan 140.

DARASIN FILIN ABUJA

Babu misalin da ya fi nuna yadda sauyin jadawali yake taɓa mai tikiti a hannu kamar rufe filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja a 2017. Titin saukar jirage na filin, wanda aka gina tun farkon shekarun 1980, ya zarce wa'adinsa na shekara 20 da nisa, ya kuma farfashe har ya zama haɗari. Gwamnatin Tarayya, ta bakin Ƙaramin Ministan Sufurin Jiragen Sama na lokacin, Sanata Hadi Sirika, ta ba da sanarwar rufe filin na mako 6 daga ran 8 ga Maris, aka kuma mayar da sauka da tashi filin Kaduna.

Kamfanonin cikin gida suka koma Kaduna. Amma manyan kamfanonin Turai, irin su British Airways da Lufthansa da Air France, suka ƙi zuwa can, suka dakatar da jiragensu na Abuja har a gama aiki. Kamfanin Habasha, Ethiopian Airlines, shi ne ya amince ya riƙa sauka a Kaduna. Ke nan mutumin da ya sayi tikitin Abuja zuwa Landan tun watanni baya ya wayi gari da zaɓi biyu, ko ya bi ta Legas ko ya karɓi kuɗinsa. Wanda jirginsa ya koma Kaduna kuwa, sai da ya ƙara awoyi a kan lissafinsa, ko dai a cikin motocin da gwamnati ta tanada da rakiyar jami'an tsaro, ko a jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna wanda aka buɗe a watan Yuli na 2016. Bikin Ista na wannan shekara, ran 16 ga Afrilu, ya faɗo cikin kwanakin rufewar. An sake buɗe filin ran 18 ga Afrilu, kwana ɗaya kafin ranar da aka yi alkawari.

Abin lura a nan shi ne, an yi sanarwar tun makonni da dama kafin ranar rufewa. Wanda ya tashi tsaye da wuri yana da damar zaɓen kujera a jiragen Legas tun suna da wuri, wanda kuwa ya jira sai kamfani ya neme shi, abin da ya rage shi zai samu. Irin haka ta sake faruwa a Inugu, inda aka rufe filin Akanu Ibiam daga Agusta na 2019 har Agusta na 2020, Kirsimeti guda cur ya wuce matafiya suna sauka a Owerri ko Asaba suna ƙarasawa da mota.

ABIN DA DOKA TA TANADA

A Nijeriya, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, watau NCAA, ita ke da alhakin kare haƙƙin fasinja, kuma ƙa'idodin suna cikin Sashe na 19 na dokokinta waɗanda aka sabunta a 2023. Dangane da tafiyar cikin gida, idan jinkiri ya kai awa 2, wajibi ne kamfani ya ba fasinja abin taɓawa da damar yin waya. Idan ya wuce awa 3, fasinja yana da ikon ya fasa tafiyar a mayar masa da kuɗinsa. Idan jiran ya shiga tsakanin ƙarfe 10 na dare da ƙarfe 4 na asuba, sai a ba shi masauki da motar kai shi da dawo da shi. Idan kuwa ya zarce awa 6, akwai diyya.

Game da soke tashi, fasinja yana da zaɓi tsakanin a mayar masa da kuɗinsa ko a sa shi a wani jirgin ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Bayan wannan akwai diyya idan ba a sanar da shi da wuri ba, watau aƙalla awa 24 kafin tashi a tafiyar cikin gida, ko kwana 7 a tafiyar ƙasashen waje. Diyyar ita ce kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti a cikin gida, da kashi 30 cikin 100 a tafiyar waje. Ke nan mai tikitin Naira 100,000 daga Kano zuwa Legas, wanda aka soke masa jirgi da safiyar tafiya ba da wani uzuri karɓaɓɓe ba, yana bin Naira 25,000 ban da kuɗin tikitinsa. Wanda ya biya da tsabar kuɗi, nan take ya kamata a mayar masa, wanda ya biya ta banki ko intanet kuwa cikin kwana 14. A watan Disamba na 2024 hukumar ta ba da sanarwar ɗaukar mataki a kan kamfanoni 5, biyu na waje uku na gida, saboda saɓa wa waɗannan ƙa'idodi.

Akwai iyaka guda da ya kamata a fahimta. Idan kamfani ya tabbatar da cewa abin da ya fi ƙarfinsa ne ya jawo matsalar, kamar hazo ko rufe fili, to babu diyya a kansa. Amma haƙƙin karɓar kuɗin tikiti ko samun wani jirgin yana nan daram, domin ba a riƙe kuɗin aikin da ba a yi ba.

Ɗalibai da ma'aikatan da ke zuwa Turai suna da wata kariyar. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar, ko na wane kamfani ne, da kuma jirgin da zai sauka can in dai na kamfanin Tarayyar ne. Ta tanadi diyyar Yuro 250 ko 400 ko 600 gwargwadon nisa, kuma tafiya daga Nijeriya zuwa Faransa ko Jamus ta wuce kilomita 3,500, don haka a matakin sama take. Ana biyan diyyar idan an soke tashi ba tare da sanarwar kwana 14 ba. Kotun Tarayyar ta yanke hukunci a 2009 cewa jinkirin awa 3 wajen isa shi ma ya cancanci diyya, sa'an nan a Disamba na 2021 ta ƙara da cewa jirgin da aka matso da tashinsa baya da fiye da awa guda, daidai yake da wanda aka soke. Birtaniya ta riƙe irin wannan doka bayan ficewarta, inda mafi girman diyya yake Fam 520. A watan Yuni na 2025 ministocin sufuri na Tarayyar sun amince da shawarar tsawaita awoyin jinkirin da ake biyan diyya a kansu, saboda haka yana da kyau matafiyi ya duba yadda dokar take a ranar tafiyarsa.

Amurka kuma tun 2024 ta fayyace abin da ake kira babban sauyi: awa 3 a tafiyar cikin gida, awa 6 a tafiyar waje, ko sauya filin tashi ko na sauka, ko ƙara zango a hanya. Idan ɗaya daga cikinsu ya faru kuma fasinja bai amince ba, sai a mayar masa da kuɗinsa. Bayan duk waɗannan akwai Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ta shigar cikin dokarta, wadda ta ba fasinja ikon neman biyan asarar da jinkiri ya jawo masa a zahiri, kamar kuɗin otal da ya salwanta, har zuwa iyakar da ta haura Dala 8,000 tun ƙarshen 2024. Sharaɗin shi ne ya kawo shaida, ya kuma shigar da ƙara cikin shekara 2.

TUN KAFIN A SAYI TIKITI

Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani. Jirgin farko na safe shi ne mafi aminci, domin ya kwana a filin, makarar yini kuma ba ta riga ta same shi ba, ko da yake a tsakiyar hunturu hazon safiya kan riƙe shi. In ma an soke shi, akwai sauran jiragen yinin da za a iya shiga. Jirgin ƙarshe na yamma kuwa, musamman mai zuwa filin da ba a sauka da dare, shi ne ya fi kowanne faɗawa cikin matsala.

Ya kamata kuma a bar rata ta kwana ɗaya ko biyu tsakanin ranar isa da ranar sha'ani, haka nan tsakanin ranar dawowa da ranar komawa aiki. Wannan ya fi muhimmanci a Ƙaramar Sallah, domin ranar da kanta ba ta tabbata sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin wata, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ba ta faɗin ranakun hutu sai lokaci ya matso. Wanda ya tsara isa gida a jajibere ya ɗora tafiyarsa a kan abu biyu waɗanda kowannensu yana iya motsawa.

Mai tafiyar da ke da zango, alal misali daga Kano zuwa Landan ta Addis Ababa ko Alƙahira, ya yi ƙoƙari duk tafiyar ta zama a kan tikiti ɗaya. In haka ne, idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, nauyin kai shi yana wuyan kamfani. Amma wanda ya sayi tikitin Kano zuwa Legas daban, na Legas zuwa waje daban, don neman araha, idan na farko ya sauya lokaci kamfani na biyu ba ruwansa, zai rubuta shi cikin waɗanda ba su zo ba.

Wani ƙaramin abu mai babban tasiri shi ne lambar waya da adireshin imel. Dillalan tikiti da yawa nasu suke sawa a madadin na fasinja, sai sanarwar sauyi ta tafi ofishinsu ta kwanta. Mai saye ya tsaya kai da fata a sa nasa. Sa'an nan ya riƙe lambar nan mai harufa 6 da ke jikin tikiti, ya riƙa shiga shafin kamfanin da ita yana dubawa: bayan ƙarshen Maris ko ƙarshen Oktoba, wata guda kafin tafiya, mako guda, da kuma daren jajiberen tafiya. Masauki da motar haya kuwa, gara a kama waɗanda ake iya sokewa ba hasara, ko da sun ɗan fi tsada.

IDAN SAƘON YA ISO

Kuskure mafi yawa shi ne danna alamar amincewa da ke jikin saƙon nan take. Da zarar an danna, a wurin galibin kamfanoni an yarda da sabon lokaci ke nan, haƙƙin neman kuɗi ko wani jirgi kyauta ya tafi. Gaggawa, aka ce, aikin Shaiɗan. Abin da ya dace shi ne mutum ya adana saƙon, ya ɗauki hoton tsohon tikiti da sabo, ya zauna ya lissafa awa nawa aka matsar, ko zangonsa na gaba zai yiwu, da kuma abin da zai rasa a can inda za shi.

Bayan haka ya duba jadawalin kamfanin da kansa, ya zaɓi jirgi ɗaya ko biyu da suka dace da shi, kana ya buga waya ko ya je ofis. Wanda ya zo da lambar jirgi da rana a bakinsa ya fi saurin biyan bukata a kan wanda ya zo da kuka kawai. Idan ta hannun dillali aka sayi tikitin, galibi ta hannunsa za a yi gyaran, don haka a nan ma kada a ɓata lokaci. Kujerun lokacin hutu ƙididdigaggu ne, kuma duk fasinjojin jirgin da aka soke su ma su suke nema.

Karɓar kuɗi ba kullum yake zama riba ba. Mutumin da ya sayi tikiti da araha tun watan Satumba, idan aka mayar masa da kuɗinsa ana saura mako guda Kirsimeti, kuɗin ba za su sayi sabon tikiti ba. A irin wannan hali gara ya dage a sa shi a wani jirgin. Idan kuwa ya yanke shawarar fasawa, to ya lura da bambanci tsakanin kuɗi a hannu da takardar alkawarin wata tafiya nan gaba, wadda kamfanoni suka fi son bayarwa. Takardar tana da wa'adi, ba ta aiki sai a kamfanin da ya ba da ita, kuma ba dole ba ne a karɓe ta.

Akwai abu biyu da ba a yi. Na farko, kada fasinja ya riga kamfani soke tikiti don ya ji raɗe-raɗin za a soke jirgin, domin in shi ya fara, shi za a cire wa tara. Na biyu, kada ya ƙi zuwa kawai ba tare da sanarwa ba. A tsarin galibin kamfanoni, wanda bai shiga jirgin tafiya ba, tikitinsa na dawowa ma ya mutu.

Idan an sauya hanya, lalle a duba maganar biza. Mai fasfon Nijeriya yana bukatar bizar ratse ko da a cikin filin jirgi kawai zai sauya jirgi a ƙasashen Turai masu bizar bai-ɗaya ta Shengen, haka ma a Birtaniya, sai fa in yana riƙe da wata biza ko takardar zama da ta ɗauke masa. Ɗalibin da aka ɗauke shi daga hanyar Doha aka mayar da shi ta Paris yana iya zuwa fili a hana shi shiga jirgi. Haka nan a tabbatar an sake fitar da sabon tikiti a rubuce, kuma duk iyalin da ke tafiya tare an sa su a jirgi ɗaya. Kujerar da aka zaɓa, da keken guragu da aka nema wa tsoho ko marar lafiya, sau da yawa ba su bin mutum zuwa sabon jirgi sai an sake nema.

A FILIN JIRGI DA BAYANSA

Wanda sauyin ya riske shi yana cikin fili, ya nemi a faɗa masa dalili, in da hali a rubuce, domin a kan dalilin ne maganar diyya take tsayawa ko ta faɗi. Ya adana takardar shiga jirgi da rasit na duk abin da ya kashe, na abinci da mota da masauki. Hukumar NCAA tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filaye, kuma a 2024 ta buɗe shafin intanet na karɓar koke. Ƙa'ida ita ce a fara rubuta wa kamfani, in bai amsa ba ko ya yi ta jan ƙafa, sai a kai wa hukuma tare da kwafin takardu. Zage-zage da fasa kaya da tare ƙofar jirgi ba su taɓa dawo da jirgi ba. Ma'aikacin da ke bayan tebur ba shi ya tsara jadawali ba, kuma wanda ya ɗaga masa hannu ya tashi daga mai ƙara ya koma wanda ake ƙara.

Ma'aikacin gwamnati da ya ga ba zai koma aiki a kan kari ba ya sanar da shugabansa a rubuce tun hutun bai ƙare ba, ya haɗa da kwafin sanarwar kamfanin, domin rashin zuwa aiki ba da izni ba babban laifi ne a dokokin aikin gwamnati. Ɗalibi ma haka zai yi da sashensa ko ofishin rajista. Uzurin da ya riga mai shi isa ya fi wanda aka kawo bayan an riga an yi tambaya.

Hazo zai ci gaba da sauka duk hunturu, jirage za su ci gaba da zuwa gyara, filaye kuma za a riƙa rufe su lokaci lokaci domin kare rayuka. Babu matafiyin da ke da ikon hana wannan. Abin da ke hannunsa shi ne ya bar wa tafiyarsa rata, ya sa ido a kan tikitinsa, ya san abin da doka ta ba shi, ya kuma nema a rubuce. Kamfanoni sun saba da fasinjan da zai yi faɗa a fili ya tafi gida ya manta. Ranar da masu rubuta koke suka yi yawa, ranar ce kamfanoni za su fara auna abin da sauyin awa 10 yake jawo wa mutumin da kwana 30 kaɗai yake da su a shekara.